A Ba Akuyata Jifa Uku Kafin Wuƙa

Zuwa ga Tica Yakubu,
Shugaban 'yan Wasan Tafiya na Nyohini, mai riƙe da littafi da labari,
Tamale.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na 'ya ga uba, ina fatan kana lafiya, kai da uwargidanka Mma Azara da dukan mutanen gida. Ina fatan gwiwar da ke damunka ta yi sauƙi. Yaya muka ji da wannan shekara? Allah Ya sassauta mana.

Ni ce Memunatu, matar tela, wadda ke zama bayan labule duk ranar Lahadi tana jefa ƙwayar ludo a faranti tana turo muku ku gani. Ka fi sanin muryata da fuskata. Na rubuta wannan a bayan takardar siminti da maigidana ke yanka fasalin riga da ita, don ka san yadda takarda ta zama a garin nan. Zan manna ta a ƙofar shagonsa, wanda ya iya karatu ya karanta, wanda bai iya ba a karanta masa. Ban so na fito fili ba, Tica. Ranar Litinin na aika maka saƙo ta bakin maigidana, ya dawo ya ce ka yi dariya. Ranar Laraba na aika ta bakin Mma Azara, ta dawo ta ce ka ce in kwantar da hankalina, ai akuya ce kawai. Tunda saƙon baki yana ragewa a hanya, yau zan gwada alƙalami.

Ƙarata ɗaya ce. Akuyata Tauraruwa tana kwance a bakin kogon kura tun Lahadin da ta wuce, tana numfashi sama-sama, wuƙar Mba Issahaku mahauci tana kan wuyanta. Kiran sallar magariba ne ya tsayar da hannunsa, ka rufe littafi ka ce sai Lahadi mai zuwa. Ina neman a ba ta jifa uku, irin wanda ake ba kowane jarumi idan ya faɗi, kafin wani ya ƙara furta kalma ɗaya game da namanta.

Saboda masu wucewa da za su tsaya su karanta, kada wani ya rugo gidanmu da kwano, bari in yi bayani. Babu akuya ta gaske, babu kogo, babu kura. Wasa ne da muke yi a zauren gidanmu tsakanin la'asar da magariba, tun lokacin da yadi ya ɓace daga kasuwa, mai ya ɓace daga mota, nama ya ɓace daga teburin mahauta, maza suka rasa abin yi da yammacinsu. Tica yana ba da labarin wata doguwar tafiya, kowannenmu yana riƙe da mutum guda a cikinta. Kowa shi ne zai faɗi abin da mutuminsa zai yi, ƙwayar ludo ta faɗi ko ya yi nasara. Babu ko sisi a ciki, Liman ma ya zo ya zauna rabin sa'a ya tabbatar ba caca ba ce. Ran kowa ana ƙirga shi da tsakuwa a gabansa, in an sare ka a ɗebe, in ta ƙare ka faɗi. Da farko da gyaɗa muke ƙirgawa, sai muka lura mutane suna cinye ransu tun kafin a haɗu da abokan gaba. Maigidana maharbi ne a cikin labarin. Salifu makaniki, ƙanen Mma Azara, mayaƙi ne mai mashi. Mma Azara mai magani ce. Mba Issahaku kuwa an ba shi zaɓi tsakanin sarki da boka da ɗan fashi, ya ce shi dai mahauci. Ni ce Gimbiya Lantana, 'yar sarkin wani birni da rijiyoyinsa suka ƙafe, kuma duk tafiyar neman idon ruwan da ba ya ƙafewa muke yi. Tauraruwa akuyar gimbiya ce, baƙa wuluk da farin tabo a goshi, tana da tsakuwa huɗu.

Yanzu ga hujjojina.

Na farko, asalin jifa uku.

Ranar Lahadi ka ce littafi bai yi maganar dabbobi ba, don haka hannunka a ɗaure yake. Tica, da girmanka, littafin bai yi maganar jifa uku ba ma. Duk mun san wani Bature da kuka koyar tare ne ya bar maka shi, mun kuma san shafukan bayansa sun tafi ƙunshe gyaɗa tun bara. A watan farko na wasan nan, mayaƙin Salifu ya faɗa rami, tsakuwarsa ashirin ta ƙare ƙaf. Salifu ya cire hula ya riƙe kai, idonsa ya yi ja. Mma Azara, da ke kusa da ni a bayan labule, ta yi tari sau biyu. Sai ka gyara tabarau, ka yi ta buɗe shafi, can ka ce ka gano wata doka: duk wanda ke cikin tafiya, in ya faɗi, yana da jifa uku, in biyu daga ciki suka kai huɗu ko sama zai tashi. Labulenmu yana da 'yar huda a daidai idona. Shafin da ka ɗora yatsa a kai hoton gatari ne da takobi, babu rubutu ko layi ɗaya. Ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau, kuma ban faɗa don in kunyata ka ba. Wallahi a ranar ka ƙara girma a idona. Na ce a raina, ga dattijo mai tausayi, wanda ya ga yaro zai yi kuka ya ƙirƙiro masa hanya.

Abin da nake nufi shi ne, dokar taka ce. Kai ka yi ta da bakinka, kai ne kuma za ka iya faɗin iyakarta. Kuma kalmomin da ka yi amfani da su su ne duk wanda ke cikin tafiya. Na rubuta su a bangon littafina tun ranar, don sun yi mini daɗi. Ba ka ce duk mai ƙafa biyu ba. Tun daga nan Salifu ya ci moriyar dokar sau huɗu, maigidana sau ɗaya, Mba Issahaku sau ɗaya ranar da kada ta ja shi cikin kogi. Tauraruwa ba ta taɓa roƙon komai ba sai wannan karon.

Na biyu, aikin da ta yi.

Wata bakwai tana tafiya da mu. Ita ta ɗauki salkunan ruwa biyu tun daga ƙofar birni. Da muka ɓata a dajin ƙaya, ita ta sunsuno hanya, bayan maigidana maharbi ya zagaya da mu tsauni ɗaya sau uku yana rantsuwa ya san wurin. Da guzuri ya ƙare a cikin rairayi, nononta muka sha kwana tara, kuma na tuna sarai Mba Issahaku ya nemi ƙari sau biyu, har ka ce masa akuya ce ba saniya ba. Da mugun boka ya ajiye mana laya a mararraba, duk maza suka tsaya suna gardamar wa zai taɓa ta, ita ce ta matso ta cinye layar da zarenta, ta yi atishawa, muka wuce.

Ranar Lahadi kuma, da kura mai kai biyu ta fito daga kogo ta danne Salifu, maigidana ya harba kibiya ta tafi sama, Mba Issahaku ya ce shi yana tsaye yana nazarin inda ya kamata a fara feɗe ta. Ni na ce Tauraruwa ta ruga ta tunkuye ta. Na jefa ƙwaya, shida ta fito, kowa ya gani a faranti. Kura ta saki Salifu ta juyo kanta. Abin da ya kai ta ƙasa ke nan.

Ban son ƙananan maganganu, amma tunda ana auna wanda ya cancanci jifa, bari a ɗora aikin Salifu a ɗaya gefen. Ya faɗa rami sau biyu, ramin kuma ɗaya ne. Ya yi barci a bakin gadi aka sace mana raƙumi. Ya soki maigidana da mashi a cinya bisa kuskure, ya ce duhu ne, alhali ka riga ka ce rana tana tsaka. Mma Azara ta ƙarar da duk maganin jakarta a kansa, shi ya sa da akuyata ta faɗi babu ko ganye ɗaya da ya rage. Ban ce a hana Salifu jifa ba, Allah Ya kiyaye. Na ce dai in shi yana samu, a duba lamarin wadda ta cece shi.

Na uku, kuma nan ne zuciyar maganar, batun cewa mai akuya ba ta nan.

Bayan na jefa shida ɗin nan, na ji ƙaurin kunun masara da na ɗora muku a wuta. Na tashi na shiga ciki. Zan faɗi gaskiya tunda na nemi a yi mini gaskiya: na juya kunun, na rage wuta, sai idona ya faɗa kan littafin da na bari a kife kan turmi, a daidai wurin da saurayi ya iso tashar jirgi ya tarar jirgin ya fara motsi. Na karanta shafi ɗaya. Wataƙila biyu. Na san ƙarshensa, na karanta shi ya fi sau goma, amma ban iya barin mutum a tsaye a tasha ba. Da na dawo na zauna, na tarar tsakuwar Tauraruwa huɗu an kwashe, Mba Issahaku kuma ya riga ya juya ta ta fuskanci alƙibla.

Hujjarsa na ji ta, kuma ban raina ta ba. Ya ce dabba in ta faɗi tana shure-shure, mai ita kuma ba ya nan, wajibi ne wanda ke kusa ya yi maza ya yanka kafin rai ya fita, don kada ta zama mushe a yi asarar nama, kuma mai dabbar in ya dawo godiya zai yi. Ya ce shekara talatin yana wannan aiki, an sha tashinsa daga cin abinci a ce ya rugo da wuƙa, bai taɓa jin an ce a tsaya a jefa ƙwaya ba. Ya ce in aka jira jifa uku ta faɗi a na ukun, to shi ke nan, ungulu ce za ta ci. Kai kuma ka gyaɗa kai ka ce wannan magana ce ta ilimi.

Magana ce ta ilimi, na yarda. Ni ma a gidan Musulmi na tashi. Ina ƙarama tunkiyar maƙwabcinmu ta ci rogo mai ɗaci, mai ita ya tafi ƙauye, mahaifina ya yanka ta ya sa gishiri ya ajiye masa, mutumin ya dawo har gida ya yi godiya. Ban zo yin jayayya da wannan ba. Tambayata ita ce, wa ya ce mai akuya ba ta nan?

Memunatu ce ta tafi juya kunu. Tauraruwa kuwa ba akuyar Memunatu ba ce, ni ko kaza ba ni da ita a bana. Akuyar Gimbiya Lantana ce, kuma gimbiya tana tsaye a bakin kogon nan taku uku daga inda akuyar ta faɗi, kai da kanka ka ajiye ta a wurin. Ba ta je ko'ina ba. Babu kunu a bakin kogon kura. Shiru kawai ta yi, don bakin da take magana da shi ya shiga madafi. In mutum yana tsaye a kan dabbarsa bai ce komai ba tukuna, ashe maƙwabci zai iya ture shi gefe ya zaro wuƙa?

Kuma wannan ba sabon abu ba ne a zauren nan. Sau nawa Salifu ya tashi ya zagaya bayan gida ana tsakiyar yaƙi? Ana jiran sa. Ranar da wani ya kira maigidana ya ɗinke masa aljihu, an tsayar da kada da bakinta a buɗe har ya dawo. Ranar da kai kanka ka fita gaisa da mai unguwa, mun zauna shiru muna kallon bango. Ni kaɗai ce na tashi aka ci gaba, don labule ya rufe ni, babu wanda ya lura tabarmata ta zama wayam. Mma Azara ta lura, amma ta ce ta ɗauka na ji komai daga ciki. Kunun kuma da na tafi juyawa, kowa ya sha, har da mai wuƙar.

Na huɗu, shaidar wadda ta san dabba fiye da mu duka.

Ranar Alhamis Goggo Dije, Bafulatanar da ke kawo mana nono daga bayan Kasalgu, ta biyo. Bana ƙwaryarta ba ta cika, wani lokaci gaisuwa kawai take kawowa. Na zaunar da ita na ba ta labarin. Ta tashi tsaye ta ce in kai ta wurin akuyar yanzu-yanzu. Da na fahimtar da ita inda akuyar take, ta yi dariya har ta sauke ƙwarya daga kanta, ta ce mutanen gari yunwa ta fara taɓa mana kai. Amma da ta gama dariyar ta share hawaye, ta ba ni amsa ta gaske.

Ta ce a rani irin wannan saniya tana faɗuwa kusan kowane mako, kuma in da duk wadda ta faɗi ana yanka ta a take, da yanzu babu garke ko ɗaya tsakanin nan da kogi. Ta ce ana duba idonta, a taɓa hancinta, a ja wutsiyarta a ga ko za ta janye. A ba ta ruwan kanwa. A sa itace biyu a ƙarƙashin cikinta, maza huɗu su ɗaga ta safe da yamma don kada ƙafafunta su manta tsayuwa. Wuƙa ana wasa ta, a ajiye kusa, amma a ƙasa ake ajiye ta. Ta ce tana da wata saniya da ta kwanta kwana uku, kowa ya ce a yanka, ta ƙi, a na huɗu ta miƙe da kanta, yanzu haka tana da maraƙi.

Ba zan ɓoye maka sauran ba, ko da bai taimake ni ba. Ta ce akwai wata kuma da ta jira, ta mutu a hannunta, ta zama mushe, aka ja ta daji, mijinta ya yi kwana biyu bai yi mata magana ba. Na tambaye ta ko ta yi nadama. Ta ce ta yi, amma saniyar tata ce, gadon uwarta, don haka jiran nata ne, asarar ma tata ce. Ta ce mahauci yana zuwa ne in an kira shi. Ta ce in gaya wa Mba Issahaku haka, kuma in gaya masa ta san shi.

Salifu ya ce in aka buɗe wannan ƙofa, to kowace kaza da kowane ƙuda a cikin labari zai nemi jifa uku, ba za mu taɓa kai wa idon ruwan ba. Ban nemi haka ba. Dabbar da ke da suna, take da tsakuwarta a kan tabarma, take kuma da mai ita a cikin tafiya, ita nake nufi. Da na aika masa wannan amsa, ya ce to shi ma daga yau takalminsa na dama yana da suna. Ka ga irin mutanen da nake fama da su.

Na biyar. Wannan na daɗe ina juya shi kafin in rubuta.

Da na dawo daga madafi ranar nan, na koma kan tabarmata. Na zauna na saurara. Mba Issahaku yana bayanin yadda zai feɗe, inda zai fara, yadda kitsen zai fito fari. Salifu ya ce cinya a yi tsitsinga, wato tsire, a barbaɗa ƙuli da yaji har ya yi ja. Mma Azara, wadda nake zaton tawa ce, ta ce kayan ciki a bar mata ta yi farfesu da daddawa da citta. Kai ka ce kai da ƙafa hakkin dattijo ne. Maigidana, mutumin da na bar gidan ubana saboda shi, wanda ya san yadda nake kiran sunan akuyar nan ko ina shara, ya ce shi dai a ajiye masa hanta, a gasa ta sama-sama kada ta bushe. Kun kusa rabin sa'a a kan wannan. Ban taɓa jin zauren nan da daɗi haka ba. Na ji lokacin da maigidana ya haɗiyi yawu, na ji shi ta cikin labule.

Na yi fushi da shi kwana biyu. Ya ce mini wai wasa ne, na ce ai shi ya sa. Amma Tica, ina da idanu. Ina ganin ƙashin wuyansa ya fito, ina ganin yadda ya ƙara huda a bel ɗin wandonsa. Na san rabon gidanmu da nama tun Babbar Sallah, shi ma maƙwabta ne suka aiko. Na san Mba Issahaku yana wasa wuƙarsa ta gaske kowace safiya ya mayar da ita kube ba ta taɓa komai ba. Ban ga laifin wanda ya ji ƙamshin farfesu a cikin labari ya matso ba.

Abin da ban gane ba shi ne wannan. A cikin labarin, nama ba ya da layi, ba ya da katin rabo, ba a ɓoye shi a bayan kanti. Yana bakinka. Kai ne ka ce ga kogi, kogi ya bayyana. Ka ce ga kura mai kai biyu, ta fito da kai biyu. Me zai hana ka ce ga wata ɓauna mai ƙiba ta gangaro shan iska bayan kogon, ƙafarta ɗaya na ɗingishi yadda ko kibiyar maigidana za ta same ta? Su feɗe, su gasa, su yi kilishi, su yi Lahadi uku suna ci, ni ma a miƙo mini tsoka ta ƙarƙashin labule. Dajin nan naka ne, cike yake da barewa da zabi in ka so. A duk faɗinsa dabba ɗaya ce ke da suna, ita kuma aka ga dama.

Na san ana yi mini dariya da littattafaina. Biyar ne kawai, direbobin goro suka kawo mini kafin hanya ta yi wuya, na karanta su har bangonsu ya zama kamar tsumma. Maigidana yana cewa sun ƙona tuwo ya fi a ƙirga, kuma ba ƙarya ya yi ba. Amma saboda su ne ka ce a ba ni wuri a wasan, ka ce yarinyar nan ta san yadda labari ke tafiya. To na sani. Na ga jarumai sun rasa dukiya, sun rasa gida, an raba su da masoya shekara bakwai. Na yi kuka a kan dokin da ya mutu a ƙarƙashin ubangidansa. Ban taɓa karanta inda abokan tafiyar gimbiya suka zauna suna rabon dabbar da ta cece su tana kallonsu da ido ba. In aka yi haka ranar Lahadi, ban san yadda Gimbiya Lantana za ta ci gaba da tafiya da mutanen nan ba. Na gwada tunanin abin da zan sa ta faɗa washegari da safe, in ta ga Salifu yana sakace, ban samu ko kalma ba. Ina jin juyawa za ta yi ta koma birninta, ni kuma in koma kan turmina. Ba barazana nake yi ba. Bana duk abin da ya raunana a garin nan wuƙa ce ke bin sa, ko a sayar, ko a yanka, ko a haƙura da shi. Zauren nan ne kaɗai wurin da na ga abu ya faɗi an ce a dakata, wataƙila ya tashi. Shi ya sa nake ɗokin Lahadi tun daga Litinin.

Don haka, cikin ladabi, ga abin da nake roƙo.

Ɗaya, Mba Issahaku ya ɗauke wuƙarsa ya ajiye ta a ƙasa, ya koma taku uku baya. Zai iya ci gaba da wasa ta in yana so.

Biyu, a ba Tauraruwa jifa uku bisa doka ɗaya da ta kowa, biyu cikin uku, huɗu ko sama. Ban nemi a sassauta mata ko da ɗigo ɗaya ba.

Uku, daga yau in wanda ke bayan labule ya tashi, a tsayar da labari kamar yadda ake tsayar wa maza. Zan riƙa buga faranti sau biyu in zan tashi, sau biyu in na dawo.

Huɗu, a duba maganar ɓauna.

Biyar, maigidana ya janye maganar hanta a gaban jama'a, tunda a gaban jama'a ya yi ta.

Saura abu ɗaya da ya kamata ka sani kafin ka yanke hukunci. Tun ranar Talata na ari ƙwayar ludo a gidan maƙwabta, ina gwadawa ni kaɗai a madafi, uku-uku, in tuwo yana kan wuta. Tica, ba ta yi mini kyau ba. Ɗaya da biyu sai fitowa suke kamar an aike su. A yawancin gwajin Tauraruwa ba ta tashi ba. Na canja hannu, na canja faranti, na yi bisimilla da ƙarfi, duk ɗaya. Saboda haka na san abin da nake roƙo. Mai yiwuwa ne ranar Lahadi in jefa a gabanku ta faɗi, akuyar ta cika, ta zama mushe, ku rasa farfesunku ni in rasa ita, kowa ya tashi yana jin haushina. Na yarda da wannan. In haka ta faru ba zan yi kuka a ji ni a zaure ba, ba kuma zan ce a sake ba. Gimbiya za ta ari mashin Salifu ta haƙa rami a gindin dutsen, ta binne ta, ta ɗauki salkunan ruwan biyu a kafaɗarta mu ci gaba da tafiya. Amma a bari in jefa da hannuna.

Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, Ya sa gwiwarka ta kai ka masallaci ba sanda. Allah Ya ba Mma Azara ladan haƙuri da mu. Ya cika teburin Mba Issahaku da naman gaske har ya rasa inda zai rataye, Ya kawo wa Salifu motoci su yi layi a ƙofar garejinsa, Ya shiryi maigidana. Allah Ya sa ka yi hukunci irin na ranar da ka ɗora yatsa a kan littafi don wani ya tashi.

Wassalam, sai Lahadi bayan la'asar.

'Yarka,
Memunatu, matar tela,
a madadin Gimbiya Lantana.